Bazara ta rikita mini gida: yaya zan yi da ƙananan yara a wannan zafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Garwa da 'ya'ya uku: babban shekara biyar, mai bi masa shekara biyu da rabi, sai jaririya 'yar wata huɗu. Tunda bazara ta kama gidan ya rikice. Ɗakinmu rufin kwano ne, wuta kuma ba ta tsayawa. Yaran sun ƙi tuwo, jikinsu duk ƙurajen zafi, da dare ba barci sai kuka. Surukata ta ce in riƙa ba jaririyar ruwa da cokali, wai nono kaɗai ba ya kashe ƙishi a irin wannan rana. Maigida kuma ya ce mu koma kwana a tsakar gida. Don Allah a ba ni shawara. Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman yara, sannu da fama. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yakan haura digiri 40 da rana, haka Marwa da Kusseri da Njamena, kuma kusan duk uwar da ta zo mana awo a waɗannan watanni da irin kukanki take zuwa.

Maganar jaririya ta fi gaggawa. Kada ki ba ta ruwa, ko da cokali ɗaya, sai ta cika wata shida. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa idan ta kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe mata ƙishi. Cikinta ƙarami ne; in ruwa ya cika shi za ta rage tsotso, in ta rage tsotso nononki ya ja baya. Ga shi a bazara rijiyoyi ke ƙafewa, famfo ya yi ta yankewa, mutane su koma sayen ruwan jarka da ba a san inda aka ɗebo shi ba. Cokali ɗaya na irin wannan ruwa ya isa ya sa wa 'yar wata huɗu gudawa. Ki ba ta nono duk lokacin da ta nema, ko da bayan kowace awa ne. A zafi jarirai kan tsotsa kaɗan-kaɗan amma sau da yawa, wannan ba alamar nono ya gaza ba ce.

Hajiya tausayin jikarta ne ya sa ta faɗi haka, kada ki tsaya musu da ita. Ki ce mata a asibiti an ce ruwan da za a ba yarinya uwar ce za ta sha, ita kuma ta same shi a nono. In da hali ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba. Na lura kakanni sun fi karɓar magana daga bakin ma'aikaciya da daga bakin matar ɗansu.

To ta yaya za ki gane ruwan jikinsu ya wadata? Fitsari za ki riƙa dubawa. Jaririyar da ke jiƙa ƙunzugu ko famfas aƙalla sau shida a yini da dare, fitsarin kuma fari-fari, ba ta da matsala. In ya ragu, ya yi ja yana wari, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, tana kuka ba hawaye, ko maɗiga ta lotsa, ruwa ya ƙare a jikinta. Lotsewar maɗiga ba ciwon da ake shafa wa magani a ka ba ne, ruwa jiki ke nema, kuma a jaririya irin taki asibiti za a nufa a ranar.

Su manyan biyu, ƙin tuwon nan kada ya tayar miki da hankali. Zafi na rage sha'awar abinci, ko mu manya haka muke. Ki mayar da abinci mai nauyi safiya da bayan magariba, da rana kuma kunu, fura da nono mai tsabta, kankana, mangwaro da aka wanke. Abin da ya fi cin abincin muhimmanci shi ne sha. Ɗan shekara biyu da rabi ba zai ce yana jin ƙishi ba, sai dai ki ga ya hau rigima, don haka ke za ki riƙa miƙa masa kofi ba sai ya roƙa ba. Ruwan randa ya wadatar, in dai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsarkake ruwa, randar a rufe, moɗar ɗiba kuma daban da kofin sha. Ƙanƙarar leda da zoɓon talla ne ba na so wa yara ƙanana: sukari ya yi yawa, kuma ba ki san ruwan da aka haɗa su da shi ba. Ki jiƙa tsamiyarki ko zoɓonki a gida. Abincin rana da ya wuni a tukunya ba firji, a sake tafasa shi sosai kafin a ba yaro, in ya canza wari a zubar.

Ki ajiye fakitin SRO, wato gishiri da sukarin asibiti, tun kafin buƙata ta taso. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. In gudawa ta kama yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. In dare ya yi babu fakiti, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya zai riƙe shi kafin gari ya waye.

Ɗakin kwano da tsakar rana tanda ne, bai kamata yaro ya yi barcin rana a ciki ba. Daga hantsi zuwa la'asar ki mayar da zamansu ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya, ki yayyafa wa ƙasa ruwa, ki bar su da 'yar singileti ta auduga. Wasan guje-guje da aike a bar su sai sanyin safiya ko bayan la'asar. Idan iskar ɗaki ta kai digiri 40, fanka ba ta sanyaya jiki, iska mai zafi kawai take hurowa, sai an jiƙa fatar yaro ko an rataya jiƙaƙƙen zani a taga sannan take amfani. Sai goyo. Jaririya a baya, zani biyu, ga hijabi mai kauri an lulluɓe ta har ka, ana tafiya kasuwa da azahar: zafin jikinki da na rana duk a kanta suke taruwa. In fitar ta zama dole, mayafi marar nauyi, fuskarta a buɗe, ki riƙa sauke ta a inuwa tana shan nono. Bahon wanka kuma a kife shi da an gama, don mai shekara biyu na iya nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ba. Babban ma kada ya bi yaran unguwa zuwa bakin kogin Binuwai.

Ƙurajen zafi gumi ne ya toshe a ƙarƙashin fata. Wanka da ruwa zalla sau biyu ko uku a yini, sabulu sau ɗaya, a bar jiki ya sha iska. A dakata da basilin da man shanu da duk wani mai mai kauri, su ke ƙara toshe ƙofofin gumi. A yanke musu farce. In ƙurajen sun fara ruwa ko sun zama maruru, a kai a duba.

Maigida ya yi gaskiya a kan kwanan tsakar gida, amma da sharaɗi. A ɗaura gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, domin a garin da ke bakin kogi sauro ba ya ɗaukewa gaba ɗaya ko da rani. Ga kuma kunama, wadda zafi ke fitarwa da dare. Gara gado ko wani abu mai tudu da tabarma a ƙasa, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta. Jaririya ta kwanta rigingine, kusa da ke, ba tsakanin yayyenta ba. Da asuba iska kan juya, ki tanadi zani mai laushi.

Akwai kuskuren da ke ba ni tsoro a wannan lokaci, shi ne a ce wa kowane zazzaɓi "rana ce ta buge shi". Arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma cutar ta fi tashi a watannin ƙura da zafi, kafin ruwa ya sauka. Rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a ƙasashen biyu a 2011 ya karya lagon nau'in A, amma akwai wasu nau'o'in da bai rufe ba. Ƙyanda ma lokacinta ke nan. Yaron da rana ta gajiyar, in aka kai shi inuwa, aka shafe shi da ruwa, ya sha, cikin ɗan lokaci zai warware ya nemi wasa. Wanda bai warware ba, ko wuyansa ya sanƙare, yana amai, yana gudun haske, ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko tsakar dare ne. A jarirai wuya ba lallai ya sanƙare ba. Maɗiga ce ke kumbura, su ƙi nono, kukansu ya canza. Idan kuma jiki ya yi zafi rau bayan zama a rana, yaro ya rikice, farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A tuɓe shi, a riƙa zuba masa ruwa ana fifita a kan hanyar asibiti.

Ranar awon jaririyar ki tafi da katin rigakafin su ukun duka, a duba ko akwai allurar da ta wuce wani. Allah ya raya mana su.