Hukuncin sanya hular kwano ga mai babur da mai keke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kabu-kabu ne a Birnin Kebbi, na fi ɗaukar fasinja tsakanin Badariya da babbar kasuwa. Kwanaki an tare ni a hanya saboda ba ni da hular kwano, sai da na ba da na goro aka sake ni. Abokan sana'ata suna cewa sa wannan hula rashin tawakkali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko tukunyar ƙarfe ya kifa a kai sai ya tafi. Shin ina da zunubi in na ƙi sa ta? Kuɗin da na bayar fa? Sannan ina da yaro mai zuwa makaranta a kan keke, shi ma dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a nemanka, ɗan'uwa.

Maganar abokanka rabinta gaskiya ce: ajali ba ya gaba, ba ya baya. Amma hukuncin da suka ciro daga cikinta kuskure ne, kuma aikin Manzon Allah (SAW) da kansa ya rushe shi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Anas cewa Annabi ya shiga Makka a shekarar buɗe ta da migfar a kansa. Migfar kuwa abin kare kai ne na ƙarfe, ɗan'uwan kwalkwalin da kake gani a kan 'yan lifidi ranar hawan Sallah. A yaƙin Uhudu sulke biyu ya haɗa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an farfasa kwalkwalin da ke kansa a ranar, aka raunata fuskarsa mai daraja. Wa zai ce ya fi shi dogaro ga Allah? Dakarun Gwandu da na Kabi ma da suka yi ta gwabzawa a wannan ƙasa tamu, cikinsu akwai malamai da mahaddata, ba wanda ya ce lifidi raunin imani ne. Da wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa ya yi: ɗaure ta, ka yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito.

Kuma abokan naka sun manta cewa ba mutuwa kaɗai ke faruwa a kan kwalta ba. Duk wanda ya saba zuwa dubiya asibiti ya ga wanda ya faɗi daga babur ya bugi kai, bai mutu ba, amma harshe ya karye, ko gefe ɗaya ya shanye, ko ya daina gane matarsa. Kwanansa bai ƙare ba, sai dai ya bar iyali da jinya ta shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sa hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannayenku cikin halaka. Na san Abu Ayyub al-Ansari ya ce ayar ta sauka ne kan zama wajen gyaran dukiya da barin jihadi, amma ƙa'idar malamai ita ce a yi aiki da gamewar lafazin aya, ba dalilin saukarta kaɗai ba, shi ya sa suke kafa hujja da ita a irin wannan.

Sai batun doka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga masu babur da fasinjojinsu daga 1 ga Janairun 2009. Abin da hukuma ta umarta, in ba saɓon Allah ba ne kuma akwai maslahar jama'a a ciki, bin sa wajibi ne, saboda aya ta 59 a Suratun Nisa'i, da hadisin Ibn Umar cewa ji da biyayya suna kan Musulmi cikin abin da ya so da wanda ya ƙi, matuƙar ba a umarce shi da saɓo ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma ta halatta cin tara ga mai karya su. Don haka mai hawa babur ba hula, yana sane kuma yana da halin mallakarta, ya yi laifi. In ya mutu a haka ba a ce ya kashe kansa ba, domin bai nufi mutuwa ba. A wanke shi, a yi masa salla, a roƙa masa gafara.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin da na fi gani a gari ba ƙin hula ba ne, wasa da ita ne. Tana rataye a kan madubi ko a ɗaure bayan sirdi, sai an hango jami'ai a shataletale a fizgo ta a kifa bisa hular zanna, igiyar haɓa na reto. Wani ma hular roba ta masu aikin gini ce. A farkon dokar har ƙwarya aka riƙa shafa wa fenti ana kifawa, mutane na dariya. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa, mai ita bai bi doka ba kuma bai riƙi sababi ba. Uzurin zafi na yarda da shi, wanda ya san ranar Birnin Kebbi a watan Afrilu ba zai raina shi ba, amma wahala ce da ake iya ɗauka, ba ta kai ta sauke wajibi ba.

Fasinja in ka miƙa masa ya ƙi, laifin ƙin yana kansa. Masu ƙyamar zufar wani ko cutar fata suna da hujja, maganinta ka riƙa wanke cikin hular, shi kuma ya shimfiɗa hankici. Mace za ta ɗora ta a kan hijabinta, ba abin da ya taɓa suturarta. Jita-jitar cewa ana sa asiri a ciki don a sace mutum zato ne, ba a barin amfani tabbatacce saboda zato.

Kuɗin da ka bayar cin hanci ne, ko da an kira shi na goro. Annabi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Rangwamen da malamai suka yi na wanda aka zalunta ne, wanda ba shi da hanyar kuɓuta sai ya bayar. Kai kuwa da laifinka aka kama ka. Ka tuba, kada ka sake. In an sake kama ka, ka nemi takardar tara ka biya a banki ka karɓi rasit. Lalacewar wani jami'i zunubinsa ne shi kaɗai, ba ta soke dokar.

Keke hukuncinsa ya fi sauƙi, domin gudunsa bai kai na babur ba. Akwai ƙasashen da suka wajabta wa masu keke hula, kamar Ostareliya, inda jihar Victoria ta fara a 1990. Musulmin da ke can dole ya bi. A wurinmu abin yana komawa ga girman haɗari. Yaron da ke zagaya lungun unguwa, saya masa hula abin so ne, ba ka da zunubi in ba ka saya ba. In kuwa hanyar makarantarsa ta bi babban titi, inda tireloli da motocin Jega da Argungu ke wucewa, to kai ne makiyayinsa kuma za a tambaye ka: ko ka saya masa daidai kansa, ko ka canza masa hanya. Ka duba birkinsa da ƙararrawarsa tun kafin hular.

Allah ne mafi sani.