Takardar WPS daban, gwajin hannunka daban

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini: me ya sa kamfanin da ke ƙera tankunan iska a nan Yamai ya ce sai ya sake gwada ka, alhali kana riƙe da takardar shaida daga inda ka baro, kuma mene ne WPS da PQR da sufeto yake ta nema. Tushensu ɗaya ne. Akwai gwajin da ake yi wa hanyar walda, akwai wanda ake yi wa mai walda. Mota tana da bizit ɗinta, direba yana da farminsa, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya.

Mu fara da hanyar. Tankin da ke riƙe matsi, in ƙa'idar ASME ta Amurka ake bi, sashe na 8 ne ke faɗin yadda za a ƙera shi, sashe na 9 kuma yadda za a gwada walda da masu yin ta. WPS ita ce takardar da ake miƙa maka: irin ƙarfe, kaurinsa, lambar sandar walda, ƙarfin wuta, zafin da za a ɗumama ƙarfen kafin a fara. Ba a yarda da ita sai an tabbatar. A haɗa faranti biyu a yi waldar, wani na tsaye yana rubuta ainihin abin da aka yi, ba abin da aka yi niyya ba. Daga nan a yanka yanki shida: biyu a ja su da inji har su tsinke, huɗu a lanƙwasa. Takardar da ke ɗauke da wannan sakamako ita ce PQR. In ka faɗa kamfanin da ke bin tsarin Turai za ka ji DMOS da QMOS, manufar ke nan, lambobin ne suka ɗan bambanta.

Ɗauki farantin SA-516 mai daraja 70, wanda aka saba yin tanki da shi. Dole yankin da aka ja ya jure ƙarfin ja na megafaskal 485. In ya tsinke a jikin farantin, ba a kan waldar ba, ana yafe masa gibin kashi 5 cikin 100. Na lanƙwasa kuwa ana naɗe shi digiri 180 a kan ƙarfen da faɗinsa ya ninka kaurin yankin sau huɗu, kuma tsagar da ta buɗe ta wuce milimita 3 ta kayar da shi. Gwajin faranti mai milimita 12 yana ba kamfani izinin walda daga milimita 5 zuwa 24, ba fiye ba.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wasu abubuwa a WPS ba naka ba ne ka taɓa. Sauya girman sanda daga 3.2 zuwa 4, gyaran takarda ya isa. Amma a tashi daga baƙin ƙarfe a koma inoks, ko a sauya rukunin sanda, ko a rage ɗumamawa da fiye da digiri 55, ko a cire gashin da ake yi wa tanki bayan walda, to sai sabon PQR. Dalili kuwa, waɗannan su ne ke sauya ƙarfin haɗin da taurinsa. Ƙarfe mai kauri da ba a ɗumama ba yana hucewa da sauri, gefen waldar ya yi tauri, ya tsage bayan awoyi, ido bai gani ba. Kada ka ce ai ranar Yamai ta ɗumama shi. A auna.

To, naka gwajin. Shi ba ya tambayar ko ƙarfen zai jure, an riga an san wannan. Yana tambaya ne ko hannunka zai zuba walda mai tsabta. Wanda ya fi amfani shi ne 6G: bututu a karkace digiri 45, a kafe, ba a juya shi. Ka ci shi, ka ci kwance da tsaye da bisa kai gaba ɗaya. Amma yana da iyaka. Gwaji a kan bututun inci 6 yana ba ka izinin walda daga faɗin milimita 73 zuwa sama, na inci 2 daga milimita 25. Kaurin da ka zuba ana ninka maka shi biyu, sai in ka kai milimita 13 a layi uku ko fiye, sannan babu iyaka. In da hawa aka gwada ka, wato walda daga ƙasa zuwa sama, ba ka da izinin gangara. In ka zuba gindi, wato layin farko, da sanda 6010 ka cika da sanda 7018, kowace ana rubuta ta da kaurinta, kuma 7018 ɗin ana lissafa ta a matsayin wadda ta samu madogara a baya, don haka ba ka da hurumin buɗe gindi da ita.

Yawancin masu faɗuwa a gindi suke faɗuwa, can ƙasan bututun, inda narkakken ƙarfe ke lotsawa ciki ko ya ƙi ratsawa. Sai mahaɗa, inda sanda ta ƙare ka ɗora wata: in ba ka gurje bakin ya yi siriri ba, nan za ta buɗe a lanƙwasa. Sai kashin walda da ke maƙalewa a gefen rami don an yi gaggawar rufe shi. Ita 7018 ba ta shiri da danshi. A ajiye ta a tanda mai digiri 120, kada ta wuce awa 4 a waje, balle da damina. Lokacin hunturu kuma ka kafa kariyar iska, in ba haka ba hoton eksire zai fito da ramuka. In ka faɗi, ana iya sake gwada ka nan take, amma bututu biyu a jere, kuma dole duka biyun su ci.

Aikin gini, wato ginshiƙai da rufin manyan rumfuna, ƙa'idar AWS D1.1 ta Amurka ke tafiyar da shi, kuma ta fi sassauci a wuri ɗaya: akwai haɗe-haɗen da aka riga aka amince da su, in an bi sharuɗɗansu ana rubuta WPS ba tare da PQR ba. Mai walda dai sai an gwada shi. Faranti mai milimita 25, a tsaye da bisa kai, wato 3G da 4G, yana buɗe maka kowane kauri daga milimita 3 zuwa sama.

Game da takardarka ta da: a D1.1 injiniyan aiki yana iya karɓar ta in ya gamsu. A ASME kuwa kowane kamfani shi ke ɗaukar alhakin masu waldarsa, shi zai sa hannu, don haka shi zai gwada. Ba raini ba ne. Kuma ko wadda za su ba ka, in ka yi wata 6 ba ka yi irin waldar da aka gwada ka da ita ba, wato ta sanda, ta mutu. Saboda haka ka riƙa bin sufeto yana sa maka kwanan wata da lambar aiki a rajista, ka kuma nemi WPS ɗin da za a gwada ka da ita tun kafin ranar, ka karanta ta layi-layi.