Funfuna a gidan haya: me doka ta ba ka, me ba ta ba ka ba?

Malam, na karanta wasiƙarka da ka aiko daga Sabuwar Unguwa a birnin Katsina, inda ka ce ka biya kuɗin hayar shekara guda, amma tun da damina ta kankama bangon ɗakin kwanan yara ya jiƙe, baƙar funfuna ta mamaye kusurwa da silin, ƙaramin ɗanka kuma ya kama tarin da ba ya jin magani, ga shi mai gidan ya ce ka shafa fenti kawai. Kana tambaya ko za ka iya tilasta masa gyara, ko ka riƙe kuɗin hayar baɗi, ko ka nemi diyya.

Kafin maganar kotu, ka fitar da yaran daga ɗakin nan yau, ka kai mai tarin asibiti. Funfuna tana sakin ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ake shaƙa su jawo atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da fata, da tari, kuma suna tayar da asma ga mai ita. Jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su ne suka fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da alaƙar danshin gida da cututtukan numfashi a jagorar da ta fitar a 2009. A Ingila ma, yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, ya rasu a 2020 sakamakon funfunar gidan hayarsu a Rochdale, abin da ya sa aka yi doka da sunansa. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa ya kamata a gwada shi don tarin fuka, kada a ɗora wa bango laifin komai.

A shari'a, tambayar farko ita ce daga ina danshin ya fito, domin amsarta ce ke nuna mai alhaki. Idan kwano ne ke yoyo, ko indararo ya karye, ko bututu ya fashe cikin bango, ko kuma ruwa ne ke tasowa daga ƙasa saboda ba a shimfiɗa abin tare laima a harsashi ba, to aibin na ginin ne. Idan kuwa ana shanya kaya a ɗaki, tagogi kullum a rufe, an jingina katifa da kabad da bango, to mai gida zai ce kai ka jawo, kuma alƙali zai saurare shi. Don haka ka samo magini mai gaskiya ya duba ya faɗi musabbabi. Fenti ba gyara ba ne, domin muddin ruwa na shiga, funfunar za ta sake ɓullowa ta ƙarƙashinsa.

Daga nan sai ka ɗauko takardar yarjejeniyarku. Idan an rubuta cewa gyaran rufi da bango na mai gida ne, kana da hujja mai ƙarfi, sai dai alhakin ba ya hawa kansa sai ka sanar da shi lalacewar kuma ka ba shi lokacin da ya dace. Idan babu takarda, kamar yadda yawancin hayar garin nan take, da baki da rasit ɗin dillali, lamarin ya fi wuya. A tsarin dokar da muka gada daga Turawan Ingila, wanda ya ba da hayar gida babu kayan ɗaki bai ɗauki alkawarin cewa gidan ya dace da zama ba, sai in an rubuta haka. Ina ganin wannan ƙa'ida tana da tsauri ga talaka, amma bai kamata in ɓoye maka ita ba.

Da yake ku duka Musulmi ne, mai yiwuwa Kotun Shari'a za ku je, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya. Abin da Muhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya tafi a kai shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara, amma idan aibin mai cutarwa ne, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. Wanda ya warware yana da damar neman kuɗin watannin da bai zauna ba. Wanda ya zaɓi zama kuwa cikakken kuɗin haya na kansa, kuma idan mai gida ya gyara kafin ɗan hayar ya fita, dole ɗan hayar ya ƙarasa wa'adinsa. Ka lura da wannan sosai, domin daɗewa cikin gidan ba tare da ka nuna ƙin yarda ba ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa da aibin.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ka rubuta masa takarda cikin makon nan, mai kwanan wata, ka bayyana inda ruwa ke shiga da halin da yaron ke ciki, ka ba shi wa'adi, misali kwana 14, ka kuma faɗi cewa idan bai gyara ba za ka tashi ka nemi ragowar kuɗinka. Ka miƙa ta gaban shaidu biyu, ka ajiye kwafi. Ka ɗauki hotuna da bidiyo, ka adana saƙonnin WhatsApp da ke tsakaninku, kada ka sayar da wayar, domin a kotun da ke bin Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84 yana buƙatar bayani kan na'urar da aka ɗauke su da ita. Ka kuma gayyato jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma. Suna da ikon ba da notis na kawar da abin da ke barazana ga lafiya, kuma rahotonsu shaida ne mai nauyi.

Riƙe kuɗin haya kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin zai mayar da kai mai bashi, ya ba shi dalilin neman a fitar da kai. Haka nan kada ka yi gyara da kuɗinka da niyyar cirewa daga haya sai ya amince a rubuce, tare da adadin kuɗin. Idan ya fusata ya yi barazanar kora, ka sani ba shi da ikon cire ƙofa ko watsa kayanka waje. Sai ya ba da notis ya kuma samu umarnin kotu.

Diyyar rashin lafiya ita ce mafi wuyar samu. Dole likita ya danganta ciwon da danshin gidan a rubuce, domin ɗaya ɓangaren zai kawo maganar ƙura, hayaƙin itace da maganin sauro. Ka gaya wa likitan halin ɗakin don ya shiga fayil, ka tara rasit na magani da na kayan da suka lalace. A ganina, ka fara da sulhu a gaban mai unguwa ko limamin unguwarku, a rubuta abin da aka cimma kowa ya sa hannu, ko dai gyara cikin wa'adi ko mayar da ragowar kuɗi. Idan hakan ya ci tura kuma ba ka da kuɗin lauya, ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Katsina da takardunka gaba ɗaya.