Likita Na Amsa: Zaren Gado, Haihuwar 'Ya'ya Mata, Sikila Da Maganin Daji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibin koyon aikin jinya ne a Katsina. An ce zaren DNA, wato rubutun umarnin halittar jiki da ake gada daga iyaye, wanda ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ya kai mita 2. Ta yaya zai shiga abin da ido ma ba ya gani, kuma yaya ake kwafe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malamanka ba su yi ƙari ba. Cibiyar ƙwayar, inda zaren yake zaune, faɗinta kusan kashi 6 ne cikin 1,000 na milimita ɗaya. Sirrin naɗi ne, kamar yadda masaƙi yake naɗe dogon zare a kwarkwaro. Zaren yana zagaye wasu ƙananan dunƙulen furotin da ake kira histon, kusan sau biyu a kan kowane, naɗin ya sake naɗuwa a kan kansa. Kuma gida 46 aka raba shi, su ne kuromosom: 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane yana da muhallinsa a cikin cibiyar, ba a cakuɗe suke ba. Sashen da aka matse sosai yawanci yana manne da bangon cibiyar, ba a karanta shi. Wanda aka sassauta shi ne yake aiki. Shi ya sa ƙwayar hanta da ta fata suke ɗauke da rubutu iri ɗaya, amma aikinsu ya bambanta.

Rubutun haruffa huɗu ne, A, T, G da C, a kan igiya biyu da suka murɗe da juna. A tana haɗuwa da T ne kawai, G kuma da C. In ƙwaya za ta rabu biyu, wani furotin mai suna helikes yana tsage igiyoyin, sai wani mai suna polimeres ya bi kowace yana jera mata abokan haruffanta. Haruffan sun kai biliyan 6, don haka aikin yana tashi daga dubban wurare, ya ɗauki kimanin awa 8. Polimeres yana duba abin da ya jera, ya cire kuskure nan take, wasu masu gyara su biyo bayansa. Abin da ke kuɓucewa bai fi harafi ɗaya cikin biliyan ba. Ka riƙe wannan da kyau, don sauran amsoshin yau a kansa suka dogara.

Tambaya: Likita, 'ya'yana biyar duk mata ne. Dangin maigidana suna cewa cikina ne ba ya ɗaukar namiji. Akwai maganin da zan sha?

Amsa: 'Yar uwa, babu irin wannan magani, kar ki bari wani ya ci kuɗinki. Kuromosom biyu-biyu suke, ɗaya na uwa ɗaya na uba, kuma biyun da ke lamba ta 23 su ne ke tantance jinsi. Mace tana da X biyu, saboda haka duk ƙwan da ta fitar X yake ɗauke da shi. Namiji yana da X da Y: rabin maniyyinsa X, rabi Y. Wanda ya riga isa ƙwan shi ya yanke magana. Ke nan daga wajen miji bambancin yake zuwa, shi ɗin ma ba zaɓa yake yi ba. Kowane ciki lissafinsa kusan rabi da rabi ne, bai san abin da aka haifa kafinsa ba. Allah Ya raya miki su.

Tambaya: Ni da matata duk AS ne, ɗanmu na fari sikila gare shi. Wani abokina a Damagaram ya ce tunda ɗaya cikin huɗu ne, ukun da za su biyo baya sun tsira.

Amsa: Malam, wannan lissafin ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Ɗaya cikin huɗun na kowane ciki ne shi kaɗai: kashi 25 cikin 100 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ana iya haihuwar masu sikila uku a jere.

Asalin cutar harafi ɗaya ne tak da ya sauya a kuromosom na 11, inda umarnin ƙera himogulobin yake, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini: A ta koma T. In iskar oksijin ta yi ƙasa, sinadarin sai ya sanƙare, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 a jiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20. Ɓargo kullum cikin ƙera sababbi yake, kowace rabuwa kuma tana buƙatar kwafin DNA, wanda ba ya yiwuwa sai da sinadarin folik asid. Dalilin ƙwayar nan 'yar rawaya da ake ba yaronka ke nan, kar a yi wasa da ita. A kiyaye shi daga sauro da ƙishirwa da sanyi, a kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Ka tambayi likitan jini game da haidiroksiyuriya, wadda ke ƙara irin himogulobin na jarirai ta rage yawan ciwon. Sai dai ana shan ta ne tare da gwajin jini a kai a kai. Duk jaririn da kuka ƙara samu, a gwada shi da wuri.

Tambaya: Shekarata 41. Na haifi yaro, aka ce yana da cutar Down. Maƙwabta na cewa shafar aljanu ce, ko wani abu na ci da ciki.

Amsa: Hajiya, ba abin da kika ci, ba kuma shafa ba ce. Yaron yana da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, jimilla 47. Tun 1959 aka gano haka. Mace tana zuwa duniya da duk ƙwayayenta, rabuwarsu ta tsaya a tsakiya tun tana cikin mahaifa. Da shekaru suka ja, furotin ɗin da ke riƙe kuromosom biyu-biyu yana sakwarkwacewa, wani lokaci duka biyun su tafi ƙwai ɗaya. A shekara 35 haɗarin kusan 1 cikin 350 ne, a shekara 40 kusan 1 cikin 100. Matasan mata ma suna haihuwarsu. Abin gaggawa yanzu shi ne hoton zuciya, don kusan rabin irin waɗannan yara suna zuwa da matsalarta, sai gwajin sinadarin maƙogwaro, da duba ji da gani. Zai zauna, zai yi tafiya, zai yi magana, amma a makare; gashin ƙashi da motsa gaɓɓai tun yana jariri suna taimakawa ƙwarai.

Tambaya: Mahaifiyata ta fara karɓar ruwan maganin dajin mama, gashinta na zubewa, bakinta ya yi gyambo. Ko maganin bai karɓe ta ba ne?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Daji yana farawa ne in kurakuran DNA suka taru a sassan da ke tsayar da rabuwar ƙwaya. Yawancin magungunan suna hana kwafin DNA ne ko rabuwar, kuma ba su bambance ƙwayar daji da sauran masu saurin rabuwa: tushen gashi, fatar cikin baki da hanji, da ɓargo. Gashi yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan zagayen farko, ya dawo cikin 'yan watanni bayan an gama. Kar ta daina zuwa saboda shi. Ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta guji yaji. Wanda ya fi gashi haɗari shi ne raguwar fararen ƙwayoyin jini, wadda ta fi tsanani tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. Ku ajiye ma'aunin zafi a gida. In ya nuna digiri 38, ko da tsakar dare ne, a kai ta asibitin da ake ba ta maganin, kar a tsaya ba ta farasitamol ana jiran gari ya waye.