Kawu, TUC ta Ingila ba ta iya rufe ƙasa

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kuna lafiya, ya ƙarfin jiki, ya su Inna. Na saurari saƙon da kuka turo, wai kun ji a rediyo ana ta yajin aiki a Ingila amma ba a rufe kasuwa ko gidan mai ba, shin ba su da uwar ƙungiyar ƙwadago irin NLC ne, kuma mu me ya kai mu biyan kuɗin ƙungiya a ƙasar mutane.

Suna da ita Kawu, TUC sunanta, takwarar TUC tamu ta manyan ma'aikata, amma ta girmi namu duka nesa ba kusa ba don a nan Manchesta inda muke aka kafa ta tun 1868, NLC kuwa sai 1978. Jam'iyyar Leba ma daga cikinta ta fito a 1900. Toh amma duk tsufan nan sau ɗaya tak ta taɓa kiran yajin gama-gari, a Mayun 1926, don taya masu haƙar kwal da aka ce za a zaftare musu albashi a ƙara musu awanni. Kwana 9 aka yi TUC ta janye ba ta samo musu ko sisi ba, ta bar su su kaɗai suna ja har wajen Nuwamba, yunwa ce ta mayar da su bakin rami.

Sai kuma Firaminista Margaret Thatcher. Da ta hau a 1979 'yan ƙungiya sun haura miliyan 13, ta yi ta ɗaure su da doka ɗaya bayan ɗaya, ta kuma karya yajin masu kwal na 1984 zuwa 1985 wanda aka shekara ana yi, har kotu ta kama kuɗin ƙungiyarsu. Dokokin zamanin nan ne suka hana kowa yajin aiki don taya wani, sai in rigimarka ce da wanda ya ɗauke ka aiki, kuma sai an kaɗa ƙuri'a an sanar da shi tun da wuri. Kun ga irin abin da aka yi a gida a Janairun 2012 kan tallafin mai ba zai yiwu a nan ba. Yanzu ƙungiyoyi kusan 50 ne a ƙarƙashin TUC, mutum sama da miliyan 5, aikinta dai baki ne da matsa wa gwamnati lamba.

Mu kuwa gaskiya ba don TUC muke biya ba, da yawa cikinmu ko sunan shugabanta ba su sani ba. Mutanenmu akasari a asibiti suke ko gidan kula da tsofaffi ko gadi, wasu bizarsu a hannun kamfani take, in aka kore ka zamanka ma ya shiga rububi. Ranar da manaja ya kira ka ofis da takardar tuhuma doka ta ba ka dama ka shiga da wakilin ƙungiya ya zauna gefenka da biro da littafi, wallahi har muryar manajan sai ta sauya. Shi ne kuma ke tsaya maka kan jadawalin aiki in kana neman fita Juma'a ko hutun Sallah.

Shi ya sa duk baƙon da ya sauka, bayan an nuna masa masallaci da shagon naman halal an saka shi a adashi, dattawanmu sai su ce maza ya yanki katin UNISON, ƙungiyar ma'aikatan asibiti da sauran ayyukan gwamnati, ko wadda ta dace da aikinsa tun ba a yi komai ba, don in ka bari sai rigima ta taso yawanci ba za su karɓi shari'arka ba. Akwai masu tsoro har yanzu, wai kar a ce baƙo ya cika fitina, ni dai na fi tsoron shiga ofishin nan ni kaɗai. Ranar yaji kuma ba albashi Kawu, tsayuwa ce a bakin get cikin sanyi da kwali da kofin shayi, washegari kowa ya koma aiki.

A gaida mutan gida.