Kamfanin da ya ɗauki nauyin baje kolinmu ya mai da zanen yaro talla, ina mafita?

Tambaya: Barista, ina da ɗan gidan baje kolin zane-zane a Kano. Wani kamfanin lemon kwalba ya ɗauki nauyin baje kolin da na shirya wa matasa masu zane. Ya ba da rabin kuɗin, ya ce sauran sai an gama. Mun sa tambarinsa a bakin ƙofa da katin gayyata kamar yadda aka shirya. Bayan an tashi sai ga zanen ɗaya daga cikin yaran, hoton wata mai tallar nono, a kalandar kamfanin da allon talla. An yanke gefen da sa hannunsa yake, an ɗora mata kwalbar lemo a hannu. Yaron yana cewa ni na sayar da shi. Kamfanin ya ce ai kuɗinsa ya biya, kuma har yau bai cika min ragowar ba. Takarda mai shafi biyu kawai muka sa wa hannu.

Amsa: Hajiya, sannu da wannan damuwa. Matsala biyu ce ta haɗe miki, kuma kowacce da mai ita, da kotun da ke sauraronta. Ragowar kuɗin naki ne. Maganar zanen kuwa ta yaron ce, kuma ita ta fi nauyi.

Kuɗin ɗaukar nauyi abin da aka rubuta a yarjejeniya kaɗai yake saye: tambari a bango, suna a katin gayyata, jawabi ranar buɗewa. Ba ya sayen haƙƙin mallakar zane. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin yana hannun wanda ya yi zanen tun ranar da ya ajiye buroshi, ko ya yi rajista ko bai yi ba, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ko da kamfanin ya sayi zanen ya rataya a ofishin manaja, allon da fentin ya saya, bai sayi izinin buga shi a kalanda ba. Miƙa wannan haƙƙi ga wani sai a rubuce.

Ki sa ran lauyoyinsu za su ce an ba su izini da baki, ko kuma kun ga suna ɗaukar hoto kun yi shiru. Doka ta yarda da irin wannan izini idan ba na keɓewa ba ne, wato wanda bai hana mai zanen ba wa wasu irinsa ba, don haka ba maganar banza ba ce. Sai dai barin mutum ya ɗauki hoto a wurin taro don ya nuna ya halarta daban, buga zanen a allon talla don sayar da lemo daban. A ganina da wuya hujjar ta ɗauke su zuwa nan.

Yanke sa hannun da ɗora kwalbar su suka fi ba ni takaici. Dokar ta bai wa mai zane haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin hana a jirkita aikinsa ta yadda zai taɓa mutuncinsa, kuma wannan ba ya barin hannunsa muddin yana raye. Yaro ya zauna ya fitar da ƙwaryar nan da zanen da ke jikinta, da gumin goshin matar, sannan a wayi gari tana tallar abin da bai taɓa nufa ba, ba ko sunansa. Yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, ya nemi a dakatar da tallar, a biya shi diyya, ko a lissafa ribar da aka ci da aikinsa. Yana kuma iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Shi zai shigar da ƙarar, ba ke ba, sai idan ya miƙa miki haƙƙin a rubuce.

Yanzu ki ɗauko shafi biyun nan ki karanta a tsanake, domin matsayinki yana ciki. Ki duba ko akwai inda kika amince kamfanin ya yi amfani da "duk hotunan baje kolin", ko kika tabbatar musu kina da ikon ba da izini, ko kika ɗauki alkawarin biyan duk asarar da ƙarar wani za ta jawo musu. Idan akwai, kin ba da abin da ba naki ba. Hakan ba zai wanke kamfanin a gaban yaron ba, amma yana iya sa ya haɗa da ke a ƙarar, su kuma su juyo kanki su nemi ki biya su. Ki kuma duba da wane suna kika sa hannu. Idan rajistar sunan kasuwanci kawai kika yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, alhakin yana wuyanki ke da kanki, har dukiyarki. Idan kamfani ne mai iyakataccen alhaki, a bisa ƙa'ida shi zai ɗauka.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, hannunki a wanke yake, kuma ragowar kuɗin bashi ne da ya wajaba a biya tunda kin cika naki ɓangaren. Wannan shari'ar karya yarjejeniya ce, kotun jiha ake kai ta, kuma yawan kuɗin shi zai nuna wacce. Amma in takardar ta ce a je sasanci idan an samu saɓani, kotu za ta mai da ku can, bisa Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023.

Shawarata ita ce kada ki fara da kotu, kada kuma ki fara da Facebook, domin kalma ɗaya da ta wuce gona da iri za ta ba su damar ƙarar ɓata suna. Ki fara da yaron. Ki zauna da shi, in da hali da wani babba nasa, ki nuna masa takardar ya gani da idonsa. Sannan ku tara shaida: kalandar ita kanta, hoton allon da kwanan wata da wurin da yake, hoton zanen na asali da sa hannun a jiki, rasit, da saƙonnin WhatsApp. Kada ki goge komai, kada ki sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da saƙon ya fito.

Daga nan lauya ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya da sunanki kan ragowar kuɗin, ɗaya da sunansa kan zanen, kowacce da wa'adi. In da hali kowa ya riƙe nasa lauyan, tunda buƙatunku na iya cin karo. Sau da yawa kamfanin da ya riga ya kashe kuɗin bugu ya fi son ya biya kuɗin lasisi, ya mai da suna, ya cire kwalbar, a kan a sauke masa alluna. Ko yaron zai karɓi hakan, ra'ayinsa ne, kada ki matsa masa. In an kasa daidaitawa, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano kafin a kai ga shari'a.

A baje koli na gaba ki yi takarda biyu, ɗaya da kowane mai zane, ɗaya da mai ɗaukar nauyi. A rubuta wane hoto za a iya amfani da shi, a ina, zuwa yaushe, da sunan mai shi a jiki kuma ba sauyi, sannan a sa ranar biyan kowane kaso, na ƙarshe kafin ranar buɗewa.