Fitilar tsaye ta Italiya mai siffar tsiro: ta asali ce ko kwaikwayo?

Tambaya: Malam, na ga wata fitilar tsaye a shagon tsofaffin kayan ɗaki. Jikinta tagulla ne, ya lanƙwasa kamar karan tsiro, da rassa uku. Mai shagon ya ce aikin Italiya ne na shekarun 1950. Wane irin salo ne wannan, kuma ta yaya zan gane gaskiyarsa?

Amsa: Malama, abin da kika siffanta ya yi daidai da aikin wancan zamani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan masana'antu a Milan da kewayenta sun duƙufa wajen ƙera fitilu masu ɗauko siffa daga halitta: kara, reshe, ganye, fure. Gino Sarfatti ya kafa kamfanin fitilu na Arteluce a 1939, Bruno Gatta ya kafa Stilnovo a 1946, Angelo Lelii kuma yana Monza da kamfaninsa Arredoluce. Fitilar Lelii mai suna Triennale rassa uku gare ta, kowane da hularsa mai launi, wato murfin da ke rufe ƙwan fitilar, kuma ana juya shi duk inda ake son haske. Da alama ita ko 'yan uwanta aka bi wajen ƙera wadda kika gani.

Abin da ke burge ni da aikin mutanen nan shi ne kowace lanƙwasa da aikinta. Reshen ya rusuna ne don ya kawo haske kan littafin mai karatu ba tare da ya kashe masa ido ba. A 1962 'yan uwa biyu, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, suka kai wannan tunani maƙura da fitilar Arco ta kamfanin Flos: gindin marmara mai nauyin kilo 65 ko kusa da haka, da hannu mai tsawo da ke rataye haske bisa teburin cin abinci ba sai an huda rufi ba. Har rami suka bari a jikin marmarar, a zura sandar tsintsiya mutum biyu su ɗauka.

To, batun ganewa. Fara da gaɓoɓin. A ta asali, in kika ɗaga reshe kika sake shi, nan zai tsaya cak, ba ya sulalowa, domin an auna nauyin da ke ɗaya gefen da kyau. Sai ki ɗora maganaɗisu a jikin karan: tagulla zalla ba ta kama shi, ƙarfen da aka shafa wa ruwan tagulla kuwa zai kama. Ki leƙa cikin hular. Galibi alminiyum ce, farin fenti a ciki, kuma fentin da ya shekara saba'in yakan ɗan ja zuwa ruwan ƙwai, da 'yan ƙuje-ƙuje a bakin. Idan ko'ina sumul yake, ko dai sabuwa ce ko an sake mata fenti, kuma duka biyun suna rage kuɗinta.

Ki duba makunni da ƙarƙashin gindi ko akwai tambarin kamfani. Rashinsa bai isa hujja ba, don takardar da ake liƙawa takan ɓare, amma kada ki biya kuɗin Stilnovo a kan maganar baki. 'Yan kasuwa da yawa sukan laƙaba sunan ga duk fitilar tagulla.

In kin saya, kafin ki jona ta, a kira mai gyaran lantarki ya canza tsohuwar wayar ya sa mata waya ta ƙasa, wadda ke hana wuta jan mutum, saboda jikinta ƙarfe ne. Kuma ki hana a goge tagullar da man sa ƙyalli. Dusashewar nan masu saye na nemanta.